Rubutun Da Baba Ya Ce Yana Rawa

Baba ne ya fara kawo maganar, wata Asabar da hantsi, ina tsugune a ɗakinsa ina ɗaukar hoton tsofaffin takardun kakanmu da wayata. Takardun sun tsufa har gefensu na marmashewa in an taɓa, shi ya sa na ɗora wa kaina aikin ɗaukarsu shafi-shafi kafin gara ta ƙarasa su. Yana zaune a gefe, sai ya tambaye ni ko akwai yadda za a yi hotunan nan su fito a babban allo irin na talabijin, kowane harafi ya yi girman ɗan yatsa. Na ce akwai. A zatona ɗalibansa yake so wa, don su ga rubutun hannun malamin malaminsu ba tare da an taɓa takardar ba.

Baba malami ne. Tun da na yi wayo nake ganinsa yana ba da karatu a zauren gidanmu da ke unguwar Gidan Dare a Sakkwato bayan la'asar. Ɗalibansa manyan mutane ne masu iyali: 'yan kasuwa, ma'aikatan gwamnati, wani tsohon direban tanka, wani mai sayar da goro da ya girme shi ma. Yakan zauna a kan buzu, littafi buɗe a gabansa, yatsansa na bin layi, yana karantawa yana fassarawa. Ni kuwa, da ya ba ni sunan mahaifiyarsa yake kirana Uwata, boko na bi har na zama malamar kwamfuta a wata sakandaren 'yan mata.

Matsalar ita ce wuta. A unguwarmu ana kawo ta in an ga dama ne. Abin da muke da shi a gida ƙaramar sola ce da batir ɗaya, wanda ke ɗaukar fitilu da fanka da wata 'yar talabijin a ɗakin Inna. In na jona babbar kwamfuta a kai, kafin a yi nisa batirin zai kwanta, kowa ya kwana cikin zafi. Da na kai kukana ɗakin malamai a makaranta, sai abokiyar aikina mai koyar da kimiyya ta ce in biyo ta gida in an tashi.

Maman Biyu muke ce mata, saboda tagwayenta. Iyayenta mutanen Filato ne, Kiristoci, aikin koyarwa ya kawo mahaifinta Sakkwato tun ba a haife ta ba. A Runjin Sambo ta tashi, nan ta yi aure, kuma in tana magana a bayan labule ba ka cewa ba jikar basakkwace ba ce. Mijinta gyaran talabijin da rediyo yake yi a wani shago da ke jikin gidansu. Muka shiga keke muka tafi. Muna zama ta jawo wata robar ajiye abinci, ta buɗe, ta ɗauko wani koren abu ta ɗora mani a tafin hannu. Bai kai girman sabulun wanka ba, babu akwati, babu murfi, sai ƙananan ƙarafa da ramukan sa waya a gefe.

Ta ce kwamfuta ce.

Na juya abin gaba da baya. Shekaru ina koya wa yara sassan kwamfuta a allo, ina zana masu babban akwati mai fanka, ga shi an ɗora mani duka a hannu ɗaya kamar ƙosai. Ta ce cajar waya ta ishe ta, abin da take ci bai kai na fitila ɗaya ba. Na ce wasa take yi. Ta yi dariya ta ce ita ma haka ta ce ranar da ƙaninta ya aiko mata da su guda biyu. Sai dai, in ji ta, a haka gawa ce, sai an sa mata babbar manhajar da ke tafiyar da komai, kuma wadda za mu sa ta kyauta ce, Linux, wadda mutane daga ƙasashe daban-daban suka haɗu suna rubutawa, kowa na iya buɗe cikinta ya gani ya gyara.

Saukar da ita daga intanet ya cinye mana yammacin nan gaba ɗaya, yana tafiya yana yankewa. Da ya kammala muka rubuta ta a kan katin memori irin wanda ake sa wa waya, muka zura katin a wata 'yar kafa da ke ƙarƙashin kwamfutar. Maman Biyu ta ara mani tsohon kibod da maus, mijinta ya ba ni wayar da ke haɗa ta da talabijin. Na dawo gida da kayan duka a cikin jakar hannuna, har da sauran wuri.

Washegari na haɗa komai a ɗakin Inna. Wata 'yar jar fitila ta kama, farin rubutu ya yi ta gudu a baƙin allo, can sai fuskar manhajar ta bayyana. Inna da ke tsintar shinkafa a bakin ƙofa ta leƙo ta ce yanzu wannan ɗan abin ne ya yi wannan aiki? Na buɗe hoton shafi na farko. Murnata ta ragu nan take. Shafin bai fito gaba ɗaya ba, daga sama ya riƙa saukowa kaɗan-kaɗan kamar ana sakin labule. In na ja shi ƙasa sai ya tsaya, ya yi tsalle, ya sake tsayawa. In na ce ya ƙara girma sai in jira kamar mai jiran tukunya ta tafasa.

Duk da haka na kira Baba. Ya zo ya zauna a tabarma, ya matsa dab da talabijin ɗin har gwiwarsa na taɓa teburin. Na ce ya ɗan ja baya kada hasken ya ɓata masa ido. Murmushi kawai ya yi, bai ja ba. Ya ɗan jima yana kallo, ya ce, "Uwata, wanga rubutu shina rawa."

Na ce na gani, laifin na'urar ne, zan gyara.

Maman Biyu ce ta yi mani bayanin abin da ke faruwa. Ta ce a cikin 'yar kwamfutar akwai ƙwaƙwalwar da ke lissafi, akwai kuma wani sashe dabam da aka yi shi don zana hoto a allo kawai. Manhajar da muka sa ba ta san yadda za ta yi wa sashen nan magana ba, shi ya sa ƙwaƙwalwar ke haɗa aikinta da nasa. Ta ce kamar mutumin da ke da jaki ɗaure a gida ne, amma yana ɗaukar buhu a ka don bai san yadda ake kora jakin ba. Abin da ke koya wa manhaja korar jakin shi ake kira direba. Masu ƙera sashen ba su fitar da bayaninsa a fili ba, sai wasu masu sa kai suka zauna suka yi ta gwaji har suka gano yadda yake aiki, suka rubuta direban, suka sake shi kyauta. Wannan ma ya ɗaure mani kai. Na yi ta tunanin mutumin da zai ɓata shekarunsa yana wannan wahala don wata mata da bai taɓa gani ba ta buɗe takardun kakanta a Sakkwato.

Sa direban bai zo da sauƙi ba. Sai da muka sabunta zuciyar manhajar, don tsohuwar ba ta san shi ba. Sannan akwai wani fayil na saiti da za a canja layi ɗaya a ciki. Na canja, na kashe na kunna, allo ya yi baƙi ƙirin, ko ɗigo babu. Na zauna ina kallon fuskata a gilashin. Na ɗauka na ƙona kayan mutane. Da na kira Maman Biyu, sai ta ce in zare katin in kawo, ba abin da ya mutu. Muka sa shi a kwamfutarta muka buɗe fayil ɗin, ashe harafi ɗaya na tsallake.

Sai kuma zafi. Lokacin bazara ne, irin wanda ruwan randa ma ke yin ɗumi. In 'yar kwamfutar ta yi ɗan aiki sai ta ɗauki zafin da ba ka iya ɗora yatsa a kai, daga nan ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone. Mijin Maman Biyu ya ciro wani ɗan ƙarfe mai haƙora daga cikin matacciyar talabijin, ya manna a kan ƙwaƙwalwar don ya riƙa janye zafin, ya ƙara da wata 'yar fanka da ba ta fi murfin kwalba ba. Ya yi mata gida da robar sabulu, ya huda ramuka a jiki.

Karo na biyu da na nuna wa Baba, abin ya yi sauƙi sosai. Shafi na fitowa lokaci ɗaya, yana bin hannuna. Ya sake matsawa kusa, ya karkata kai gefe kamar mai sauraron wani abu daga nesa, ya ce layukan na karyewa a tsakiya. Na duba da kyau, sai na ga in na ja shafin da sauri rabin sama na riga rabin ƙasa, har a ga kamar an yaga hoton. Wannan sanannen ciwo ne, na karanta labarinsa, kuma akwai maganinsa a saiti. Har na ji daɗi a raina, na ce wa Inna idon Baba ya fi nawa, abin da sai na ƙura ido nake gani shi ya gan shi tashi ɗaya. Inna ta ɗauki farantinta ta fita.

Muka sake zama da Maman Biyu a falonta, tagwayenta na ta leƙe. Muka gyara saitin, muka kunna wani ɗan gwaji da ke nuna wasu gargare masu haƙora, ja da kore da shuɗi, suna juya juna. A da in an kunna shi sai su riƙa tafiya kamar masu ciwon ƙafa. Ranar nan suka yi ta juyawa sumul, ba tsayawa ba tsalle. Na buɗe shafi, na ja shi sama da ƙasa da ƙarfi, na girmama shi har wasali ɗaya ya cika allo. Ko gezau. Maman Biyu ta tafa hannuna ta ce in je in ba Malam mamaki.

Da hantsin Asabar na kira shi. Na share gilashin talabijin da gefen mayafina, na rufe taga ɗaya don kada rana ta haska allon. Na gaya masa zan buɗe babin alwala daga littafin fiƙihun da kaka ya kwafa da hannunsa. Na danna, shafi ya fito tsaf, har ana ganin inda tawada ta yi kauri da inda alƙalami ya fara bushewa. Na sake maus ɗin na naɗe hannuwana, ina jiran yabo.

Ya ƙura ido. Ya karkata kai dama, ya karkata hagu. Ya ce, "An samu sauƙi. Amma har yanzu shina ɗan rawa."

Na kalli allon. Babu abin da ke motsi. Hannuna ba ya kan komai, hoton a tsaye yake kamar an manna takarda a bango. Na buɗe baki zan ce masa haka, sai ya yi gyaran murya ya yi bisimilla ya fara karantawa. Muryarsa ta cika ɗakin kamar yadda take cika zaure, Larabci na zuba ba gargada, yatsansa a sama yana tafiya daga dama zuwa hagu. Na juya ga allon don in bi shi da ido, na nemi inda yake na rasa. Na sake dubawa. Abin da ke allon ba babin alwala ba ne. Cikin ɗoki na buɗe wani fayil dabam, wata waƙar wa'azi ce ta ajami, gajerun baitoci a jere gida biyu, da fili fari a tsakiyarsu. Ko yaron da bai iya karatu ba zai ga siffarta ta bambanta da shafin fiƙihu. Baba na kallon waƙar Hausa yana karanta Larabci.

Ban san tsawon lokacin da na ɗauka a haka ba. Ƙarar 'yar fankar nan ta dawo mani kamar ta injin niƙa. Ya kai ƙarshen sakin layi, ya fara fassara, har da ɗan barkwancin da yakan yi wa ɗalibai a daidai wurin. Na tashi na zagayo na durƙusa tsakaninsa da talabijin.

Na ce, "Baba, dube ni. Mi kake gani?"

Yatsan da ke sama ya sauko a hankali ya kwanta a gwiwarsa.

Daga bakin ƙofa Inna ta ce, "Malam, hwaɗa mata. Ya isa hakanan."

Ya ɗago fuska ya dube ni, sai a lokacin na lura idonsa ba a kan nawa yake sauka ba, wajen kunnena yake kallo. Ya ce, "Ina ganin kallabinki. Ina ganin kahwaɗunki. Tsakiya hayaƙi ne, Uwata."

Ban yi kuka a lokacin ba. Zama na yi daɓas a ƙasa ina kallonsu su biyu. Sannu a hankali maganar ta fito, yawancinta daga bakin Inna. Abin ya fi shekara. Da idon dama ya fara, layukan littafi suka riƙa lanƙwashewa, sannan wani duhu ya zauna a tsakiya, duk inda ya kalla yana nan. Daga baya na hagu ma ya soma. Yana ganin hanya, yana ganin ƙofa, yana gane mutum da tafiyarsa da muryarsa, amma harafi da fuska sun tafi. Littattafan da yake koyarwa kuwa tun yana saurayi suke a kansa, don haka ya ci gaba da buɗe su a gabansa yana bin layi da yatsa. Inna, wadda ita ma ta yi karatu a gidan mahaifinta, ita ke duba inda aka tsaya kullum, ta sa masa tsinke a shafin kafin ya fita zaure. In an kawo masa takarda ya duba, sai ya ce a bari zai gani a cikin gida, ita ta karanta masa.

Wannan ya fi na farkon girgiza ni. Gida ɗaya muke kwana, tukunya ɗaya muke ci, mutum biyun da na fi sani a duniya suna gudanar da wannan al'amari a gabana kullum ban sani ba. Na tambayi Inna yadda ta iya yin shiru. Ta ce rantsar da ita ya yi. Na juya gare shi, ya ce ya ga yadda aka yi da mahaifinsa lokacin da idonsa ya tafi: aka hana shi fita, aka hana shi zaure don tausayi, aka riƙa lallaɓa shi kamar ƙwai har ya rasu a ɗaki. Ya ce shi bai shirya zama ba. Da ya ga ina ɗaukar hotunan nan sai ya sa rai cewa in harafi ya yi girma sosai wataƙila zai fi ƙarfin hayaƙin. Duk lokacin da na ce zan gyara, shi ma yana jira ne ya ga ko gyaran zai kai gare shi.

Na kira yayana da ke aiki a Kaduna. Ya yi ta maimaita tambaya ɗaya, wai Baban da ya sani, Baban da ya ja su salla da doguwar sura watan jiya? Na ce shi. Ya ce gobe yana hanya.

Da ƙyar muka shawo kansa ya yarda da asibiti. Likitar ido ta ɗiga masa magani, muka jira, sannan ta haska cikin idon ta daɗe tana dubawa. Ta ba shi wata takarda mai layuka a tsaye da a kwance kamar raga, da ɗigo a tsakiya, ta ce ya rufe ido ɗaya ya faɗi abin da ya gani. Ya ce babu ɗigo, layukan kuma suna rawa. Kalmar da ya yi ta gaya mani ke nan a ɗakin Inna, ni kuma ina komawa Runjin Sambo ina canja saiti. Likitar ta tambaya ko yana yawan jin ƙishirwa, ko yana yawan fita fitsari, ko ya rame. Inna ta amsa duka da e. Mu mun ɗauka zafin gari ne da tsufa. Aka gwada jininsa, aka ce ciwon suga ne, kuma ya daɗe a jikinsa, shi ne ya taɓa jijiyoyin bayan idon har ruwa ya taru a daidai wurin da mutum ke ganin abin da ya ƙura wa ido.

Ta ce na dama ya yi nisa, kada mu sa rai da yawa. Na hagu akwai abin da za a iya cetowa, in an riƙe sugan, kuma in ya yarda a riƙa yi masa allura a cikin idon lokaci-lokaci. Na ɗauka ban ji daidai ba, na ce a gefen ido? Ta ce a cikinsa. Yayana, ƙato da shi, ya nemi kujera ya zauna. Baba ne kaɗai bai motsa ba. Ya tambaya ko bayan allurar zai iya sujada, ta ce zai iya. Ya ce to a yi.

Ranar Litinin a ɗakin malamai Maman Biyu ta tare ni da fara'a tana tambayar yadda Malam ya ga aikinmu. Na ba ta labari. Ta dafe ƙirji, ta zauna. Can ta ce Allah ya ba shi lafiya, za su sa shi a addu'a. Har mun tashi za mu shiga aji sai ta riƙo hannuna ta ce kada in ajiye kwamfutar. A cikin manhajar akwai madubin girmamawa da ke bin maus duk inda ya je, akwai kuma yadda ake juya launi, takarda ta koma baƙa rubutu ya koma fari, wanda ya fi sauƙi ga mai raunin ido. Ta ce waɗannan ba sa tafiya daidai sai da direban da muka sha wahalarsa.

Kafin mu kai ga wannan, Baba ya yi abin da ban zata ba. Kwana kaɗan bayan allurar farko ya fita zaure kamar kullum. Ina tsaye a bayan ƙofar da ke shiga cikin gida, na ji bai fara da karatu ba. Ya gaya wa ɗalibansa komai, a taƙaice, ba tare da neman tausayi ba. Ya ce littafin da suke gani a gabansa ya daɗe ba ya ganin abin da ke ciki, ya nemi su yafe masa ɓoyewar. Sai na ji shessheƙar tsoho mai goro. Wani ya fara cewa ai sai Malam ya huta, Baba ya katse shi ya ce ba hutu ya tara su ya nema ba. Daga yau su za su riƙa karantawa bi da bi, shi yana gyara masu yana fassarawa. Ya kira tsohon direban tanka ya ce ya ɗauka daga inda aka tsaya jiya. Mutumin ya fara, bai yi layi biyu ba Baba ya tsayar da shi a kan wasali.

Watanni suka shuɗe. Shayinsa ya koma babu sukari, furarsa ma haka, kuma bai fasa ƙorafi a kai ba har yau. Idon dama bai dawo ba. Na hagu ya ɗan washe, hayaƙin ya ragu ya koma gefe kaɗan. Na mayar da talabijin ɗin da 'yar kwamfutar ɗakinsa, na saita baƙar takarda da farin rubutu, na girmama har kalma biyu ko uku ke cika allon. Ranar da muka gwada, ban gaya masa shafin da na buɗe ba, shi ma bai tambaya ba. Ya rufe idon dama da tafin hannu, ya karkata kai, ya daɗe. Sannan ya fara haɗa baƙi ɗaya-ɗaya kamar mai koyo, ya fitar da kalmar farko, ya tsaya, ya fitar da ta biyu. Daidai suke da abin da ke allon. Na fita tsakar gida na tsaya a bayan randa na yi kukan da ban yi ba tun farko.

Da yake ina makaranta da rana, Inna na koya wa riƙe maus. Da farko tana ɗaga shi sama kamar za ta yi jifa, tana cewa kibiyar ta gudu. Yanzu ta iya kunnawa da kashewa, ta san ba a zare caja sai an rufe manhajar don kada katin ya lalace, har in fankar ta tsaya ta san ta hura mata iska ta share ta da tsinken ashana.

Kwanan baya na dawo daga aiki na same su a ɗakin, ita a gefen tabarma da maus a kan faifai, shi dab da allo da hannu a kan ido ɗaya. Yana ce mata ta koma baya, ta tsallake masa kalma. Ta ce kalmar da ya hardace tun kafin a kawo ta gidan nan, mi zai yi da ita? Ya ce ya san ta, ganinta yake son yi. Ta ja tsaki ƙasa-ƙasa ta mayar da shafin. Na gaishe su, suka amsa ba wanda ya juyo, na wuce madafa na ɗora masa ruwan shayi.